Inda Baba Yake Farawa

Asabar, 4:40 na yamma

Yau kwana tara ba a buɗe shagon Baba na cikin zaure ba. Ni na buɗe. Umma ce ta aike ni in ɗauko cajar wayarsa, na shiga na ɗauka, sai na kasa fitowa.

Komai yana nan. Garin katako a ƙasa, da sawun mutane a ciki, sawu da yawa, wasu da takalmi wasu babu. Hularsa wani ya ɗaga ya rataye a ƙusa. Na san ba shi ba ne, shi ba a nan yake rataye ta ba.

Injin yana kan teburinsa. Shekara biyu Baba ya yi yana haɗa shi bayan ya bar koyarwa a makarantar koyon sana'a, da ƙarafan da ya riƙa tsintowa a kasuwar Ƙofar Ruwa da wasu 'yan kaya da aka aiko masa. Kwamfuta ce take gaya masa inda zai bi, shi kuma ya sassaƙa katako da wani ɗan haƙori mai juyawa. Ba sana'a ba ce, so ne kawai. Ya Kaka, mahaifiyarsa, kullum sai ta ce, "Mikail ya tsufa ya koma wasan gwangwani."

Allona yana ɗaure a kai. Allon saukata, wanda ya ce shi zai sassaƙa mini zayyanar gefensa da sunana a ƙasa. Zayyanar ta zo rabi ta tsaya.

Ban taɓa komai ba. Na dai shafa rabin da aka yi.

Lahadi, 11:20 na safe

Baffa Hashim, ƙanin Baba, ya zo. Ina wanke-wanke a bakin rijiya, duk na ji.

Ya ce wa Umma, "Sa'adiyya, ke ma kin san Yaya ba zai iya hawa bene ba yanzu. Shagon nan shi ne ɗakin da ya dace, ga ƙofa kusa. A fitar da tarkacen a sa gado."

Umma ta ce, "Injin fa?"

"Na kunna shi jiya, ko motsi. Inji in ba ya aiki ai ƙarfe ne. Akwai wanda zai ɗauka a Ƙofar Ruwa."

Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Ni da ko gaisuwa sai an ce in ɗaga murya. Na ce, "Zai yi aiki."

Baffa ya juyo. "Wa zai sa shi?"

Na kalli kumfar da ke hannuna.

Umma ta daɗe tana kallona. Sannan ta ce, "A bar shi zuwa ranar da za a sallamo babansu. In ya tashi, sai a matsar da shi gefe a sa gadon. In bai tashi ba, shi ke nan."

Baffa ba mugu ba ne. Shi yake kwana a asibiti tun ranar da Baba ya faɗi, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Idonsa duk ya faɗa.

Lahadi, 5:50 na yamma

Mun je asibiti. Jikin Baba ya fi na ranar Alhamis sauƙi. Ya sha kunu cokali shida, Umma ce ta ba shi, don shi ya ƙi karɓar cokalin.

Na sunkuya na ce masa a kunne, "Baba, zan tayar da injin." Ya kalle ni ya kalle ni. Sai ya miƙo hannun, wanda yake miƙowa ɗin, ya kama hannuna na dama ya buɗe tafin. Ya ɗora yatsa a sama ta gefen ƙaramin yatsana, ya danna, sannan ya ja layi a hankali zuwa wajen babban yatsa.

A littafin da Firdausi ƙawata ta ara mini, haka Injiniya Nazeer ya yi wa ƙanwarsa ranar da zai tafi, marubuciyar ta ce harshen zuciya ke nan. Ban wanke hannun ba sai da aka kira magariba.

Litinin, 3:15 na yamma

Na dawo makaranta, ko yunifom ban cire ba. An kawo wuta. Na kunna kwamfutar, na buɗe manhajar da nake ganin Baba yana buɗewa. Ta rubuta mini cewa ba ta ga injin ba. Ga shi nan a gabanta, wai ba ta gan shi ba.

Na cire kebul na mayar, sau bakwai. Na hura bakinsa. Sai da na bi shi da yatsa tun daga kai, na tarar a tsakiya ya lotse, har farin cikinsa ya leƙo. Wani ya taka shi da ƙarfi. Na san ranar.

Na ciro na firintar Baba wadda ta daɗe da mutuwa, bakinsu iri ɗaya. Na jona. Injin ya yi wani ɗan "ƙit", wata 'yar fitila ta kawo.

Na zauna a ƙasa cikin garin katako da farin hijabina. Umma ta yi faɗa.

Talata, 6:45 na safe

Baba bai yi barci ba jiya, in ji Baffa.

Talata, 4:30 na yamma

Moto uku ne a jikin injin. Ɗaya na kai shi gaba da baya, ɗaya sama da ƙasa, ɗaya dama da hagu. Biyun farko suna tafiya in na danna kibiya. Na ukun sai ya tsaya yana kakkarwa kamar mai zazzaɓi, ba ya zuwa ko'ina.

A wayar Baba akwai gurup na masu irin wannan injin, su goma sha huɗu ne duk Kano. Na tambayi Umma, ta ce in rubuta amma kada in sa sunana. Na rubuta na goge ya fi sau goma. A ƙarshe: "Salamu alaikum. Iyalan Malam Mikail ne. Moto ɗaya yana rawa ba ya tafiya."

Addu'o'i suka yi ta shigowa. Sai wani mai suna Abdulhakeem ya rubuto ni kaɗai: "Kada ku cire ko waya ɗaya in da wuta a jiki. Ku turo mini hoton cikin akwatin."

Ba hotonsa a lambar, hoton wani zanen fure ne a katako. Rubutunsa ba kuskure, har da waƙafi. Ina jin dogo ne. Ina jin yana sa tabarau, kuma ba ya yawan magana, irin waɗanda in sun yi murmushi gefe ɗaya ne kawai yake lotsawa.

Astagfirullah. Baba yana can, ni ina nan.

Laraba, 5:05 na yamma

A cikin akwatin akwai wasu 'yan abubuwa uku a jere, kowanne bai fi dunƙulen miya biyu ba. Ya ce sunansu direba, kowane moto da nasa. Ya ce in kashe wuta, in ƙirga talatin, in musanya na moton da ke rawa da na maƙwabcinsa. "In ciwon ya bi direban, direban ne. In ya tsaya a inda yake, moton ne. Ku duba sosai kada ku juya masa kai."

Na musanya. Ciwon ya bi direban.

Ya ce, "Ya ƙone. Haka suke yi in aka fizge wayar moto injin yana aiki. Wani ya yi tuntuɓe da ita ne?"

Na tambaye shi inda ake sayar da sabo.

Ya ce Malam ba zai rasa na ajiya ba, in duba. Na duba ko'ina. A cikin gwangwanin madara na same su, guda biyu, a naɗe cikin tsohuwar takardar jarrabawata ta aji uku, wadda na ci tamanin da ɗaya a lissafi. Ban san ya ajiye ta ba.

Duk ukun suna tafiya yanzu. Na rubuta masa "Mun gode." Ya ce "Madalla da ƙoƙari." Na karanta wannan sau nawa, ba zan faɗa ba.

Alhamis, 12:10 na rana

Ba Islamiyya yau, makaranta ma an tashe mu da wuri. Na ce bari in gwada kafin azahar. Sai ga jan rubutu: ALARM. Ya ƙi komai. Na kashe na kunna, ALARM. Na tura wa Abdulhakeem, bai buɗe ba.

Alhamis, 2:40 na rana

Har yanzu bai buɗe ba. Na kalli wani bidiyo, wani mutum yana ta magana da sauri.

Alhamis, 3:05 na yamma

Na yi wani abu.

Juma'a, 9:00 na safe

Ban shiga shagon ba.

Asabar, 6:10 na yamma

An ce nan da mako guda za a sallamo Baba, Asabar mai zuwa. Kowa ya yi hamdala. Ni ma na yi.

Yau ya yi ta ƙoƙarin wata kalma. Muka tsaya duka muna jira, har mai gadon kusa ya rage rediyonsa. Ba ta fito ba. Ya juya fuska bango. Umma ta hau gyara zanin gadon da ba abin da ya same shi.

Da za mu tafi ya sake kama hannuna. Dannawa a gefen ƙaramin yatsa, sannan layi. Yau sau uku ya yi, na ukun har da ɗan zafi. Na ce, "Ni ma Baba, ni ma." Ya rufe ido kamar ya gaji da ni.

Da ya san abin da na yi da ba zai riƙe hannun ba.

Lahadi, 1:30 na rana

Abdulhakeem ya ce wayarsa ce ta faɗa ruwa, sai jiya aka gyara. Ya ce zai zo da kansa bayan la'asar, daga Ƙofar Kabuga yake. Na goge atamfata mai ruwan zuma. Na cire, na sa wata. Na mayar da ta farko.

Lahadi, 6:20 na yamma

To.

A kan keke ya zo. Gemunsa fari tas. Tabarau kam akwai, an ɗaure ƙafarsa ɗaya da zaren ɗinki. Shekara talatin yana gyaran injinan saƙa kafin masaƙar ta rufe, kuma jikarsa ce take rubuta masa saƙo, shi faɗa yake yi. Ita ce mai waƙafin.

Ya Kaka ta jawo kujerarta bakin shagon ta zauna da carbinta. Ta kalli atamfata, ta kalli gemun, ta ce, "Bahijja, ga injiniyan naki ya iso. Ko in ba ku wuri?"

Da ƙasa za ta tsage da na shige.

Ya ce, "Hajiya, ai ni ke na zo gani, injin hanya ce."

"Da wannan keken? Koma ka sake shiri."

Minti biyu ya yi ya gano ALARM ɗin. Akwai wani ɗan makunni a ƙarshen hanyar injin, wanda yake gaya masa ya kai bango. Garin katako ne ya cushe shi ya danne. Ya karɓi tsinken tsintsiya ya sakace, ya hura. Shi ke nan. Abin da tsinke zai gyara.

Sai ya danna kibiya, ya tsaya. Ya sake dannawa. Ya buɗe wani dogon jerin lambobi ya daɗe yana kallo ta saman tabarau.

"Wannan ba saitin Malam ba ne. Wannan saitin sabon kwali ne."

Ina jin ƙarar carbin Ya Kaka.

Na ce, "Ni ce. Mutumin bidiyo ya ce in abu ya rikice a mayar da komai kamar sabo." Sauran maganar kuka ya cinye.

Na zaci zai yi faɗa. Sai ya ce, "'Yata, duk mu goma sha huɗun nan ba wanda bai taɓa yi ba. Ni sau biyu. Babanki ne ya zo ya fitar da ni a na biyun, yana ta yi mini dariya. Kawo rula."

Muka ce wa injin ya tafi santimita goma. Ya tafi uku da 'yan kai. Malam Abdulhakeem ya ce in yi lissafin da kaina, tunda ya ga takardar cikin gwangwani. Na yi, muka sa sabuwar lamba, muka sake aunawa. Goma cif. Haka muka yi wa duk ukun. Ni nake riƙe rular, shi yana cewa "a'a, daga bakin layin, ba tsakiyarsa ba."

Abu ɗaya ne ya ce rula ba za ta dawo da shi ba. Wurin da Baba ya nuna wa injin ya riƙa farawa a kan allon, shi ma ya goge. In ba a samo shi daidai ba, haƙorin zai shiga ta kan rabin da aka gama ya ɓata shi.

Ya ce kada in kusanci allon tukuna. In ɗaure fensir a maimakon haƙori, in shimfiɗa takarda, in gwada.

Ya ci ƙosan Ya Kaka guda biyar yana cewa ba ya cin maiƙo.

Litinin, 4:50 na yamma

Na yi yadda ya ce, kuma yadda duk bidiyoyin suke cewa: a fara daga ƙasa, kusurwar hagu. Na buɗe zanen Baba, sunan fayil ɗin "na Bahijja". Na danna.

Ya zana. Fensirin yana tafiya shi kaɗai kamar akwai hannu a sama. Ganyayyakin zayyanar suka fito, masu kyau, sai dai duk sun juya baya. Sunana da ajami, da rubutun hannun Baba, ya fito kamar a madubi. Kuma can sama ya nufa, ya fice daga takardar, sai da na tsayar.

Na tura hoto. Malam Abdulhakeem ya turo murya, ba jikar ba: "Injin lafiyarsa ƙalau, in kin danna dama yana zuwa dama, ko ba haka ba? To zanen ne a juye. Wataƙila na hatimi ne, shi ake yi a juye. Ki nemi wani."

Babu wani. Wannan kaɗai ne mai sunana.

Talata, 7:00 na safe

An yi ruwa da asuba. Ƙamshin shagon ya shigo har tsakar gida.

Laraba, 5:30 na yamma

Baffa ya zo da wani mutumin Ƙofar Ruwa mai baƙin hannu, ya zagaya injin yana ƙwanƙwasa ƙarafan da makulli. Ya ɗaga gefe ɗaya ya ji nauyi. Bai ko kalli allon ba.

Na nuna wa Baffa takardar. Na ce ga shi yana zane.

Ya juya ta sama, ya juya ta ƙasa. "Wannan rubutun mutanen wace ƙasa ne?" Ya yi dariya kaɗan, sai ya ga fuskata. Ya ce, "Bahijja, ba ƙin sa nake ba. Ina tsoron Yaya ya dawo ya kwanta yana kallon abin da ya fi ƙarfinsa yanzu, kuma ga shi a lalace. Kin gane?"

Na gane. Shi ne abin haushin.

Gadon yana zaure an jingine shi da bango.

Alhamis, 10:15 na safe

Firdausi ta aiko a karɓi littafinta. Na ce ban gama ba.

Ina shafi na tamanin da huɗu. Tun ranar ina shafi na tamanin da huɗu. Ina kwance a ɗakin Ya Kaka, Nazeer ya tsaya a bakin ƙofar jirgi zai juyo ko ba zai juyo ba. Na ji ƙarar injin ta canja. In yana cin katako kukansa daban, in yana juyawa a iska daban. Na sani, tun ina jin sa shekara guda. Na ce bari in ƙarasa shafin. Na ƙarasa, na koma farkonsa don ya yi daɗi.

Ban san minti nawa ba ne. Likita ya ce wa Baffa an kawo shi da wuri. Ban san me da wuri take nufi ba.

Ni ce na yi tuntuɓe da wayar moton, da na ruga shagon na tarar da Baba a ƙasa.

Ban taɓa gaya wa kowa ba. Yanzu ma ba kowa na gaya wa ba.

Juma'a, 11:40 na safe

Ya Kaka tana tsince shinkafa, ina taya ta. Jiya ta je asibiti, wai ta yi masa tas a gaban mutane don ya ƙi cin abinci da kansa.

Ta ce, "Na ce masa, kai Mikail, ci da wanda Allah ya bar maka, Shi ya san abin da ya karɓa. Kunyar wa kake ji, ni da na haife ka bahago?"

Na ce, "Baba bahago ne?"

"Ba ki sani ba? Har ya shekara bakwai. Malaminsu na allo ne ya juya shi, da lallashi da goro, bai taɓa dukan sa ba. Kullum ya kama yatsansa ya ɗora a saman allo ta dama, ya ce nan ake farawa. To abin ya shige shi ya wuce misali. Shara ta dama. Yankan farce ta dama. In zai raba muku alewa ta dama yake bi, shi ya sa kullum kike zama can gefe, munafuka, kin zaci ban lura ba." Ta watsar da wata tsakuwa. "Yanzu ga shi hannun da muka hana shi, shi ne ya tsaya masa."

Na ajiye farantin. Na buɗe tafin hannuna na dama ina kallo. Sama, ta gefen ƙaramin yatsa... na juya hannun yadda yake fuskantar Baba in yana kwance ina tsaye. Dannawa. Sannan layi.

Ya Kaka ta ce, "Ke kuma lalle kike nema?"

Juma'a, 3:25 na yamma

Akwai shi. A saman allon, kusurwar dama, ɗan ɗigon fensir da aka kewaye, bai fi ƙwayar gero ba. Kwana nawa ina shafa allon nan ban gan shi ba, don a ƙasa ta hagu nake nema.

Na tura wa Malam Abdulhakeem murya, ni da kaina, karo na farko. Na ce ba zanen ne a juye ba. Baba ne ya juya injin tun farko, ya sa ya riƙa ƙirga daga dama zuwa hagu, daga sama zuwa ƙasa, yadda ake rubutu a allo, kuma a haka ya yi duk zanensa. Da na mayar da saitin sabo, sai injin ya koma ƙirga irin ta kowa.

Sai ga muryarsa yana dariya har da tari. "Mikail ke nan. Mu duk a bidiyon Turawa muka koya, ba wanda ya taɓa tambaya don me ake farawa ta hagu. Je ki layi na huɗu a jerin nan." Ya gaya mini lambar da zan sa.

Lamba ɗaya. Na sa.

Fensir da takarda tukuna. Sunana ya fito yana kallon inda ya kamata. Sannan na mayar da haƙorin, na kai bakinsa kan ɗigon, na ɗaga shi sama kaɗan yadda ba zai taɓa ba, na bar shi ya bi zanen a iska. Na kwantar da kumatuna a kan teburin ina leƙe. Ya bi ta kan kowane ganye da Baba ya sassaƙa, bai kauce ba ko kaurin gashi, har ya zo inda aka tsaya.

A nan na tsayar. Ba ni zan ƙarasa ba.

Kwana goma sha biyu yana gaya mini saiti, ni ina cewa "ni ma Baba."

Asabar, 8:30 na safe

Na share shagon. Ta dama na fara.

Asabar, 5:45 na yamma

Sun iso bayan azahar. Baffa da wani maƙwabcinmu suka shigo da shi a kujera. Ya rame, rigar kamar ta aro. A bakin shagon ya sa ƙafarsa mai kyau ya tokare ƙasa, dole suka tsaya.

Mutumin Ƙofar Ruwa yana waje da kurarsa ta ɗaukar kaya tun ɗazu, Baffa ya ce masa ya jira.

Na ce, "Baffa, a matso da shi kusa." Muryata ta fito, har ni na ji ta.

Na kunna. Na kai haƙorin kan ɗigon a gabansa, a hankali, don ya gani. Ya kalli ɗigon, ya kalle ni. Gefen bakinsa ɗaya ya lotsa.

Na tura masa kwamfutar ta ɓangaren hagunsa. Ya daɗe yana kallon hannun, kamar baƙon da aka ce ya gaisa da shi. Ya Kaka ta ce daga bakin ƙofa, "To mu kwana nan?" Ya ɗaga yatsa ya danna.

Ya bi tsohon rabin a iska, sannan ya sauka. Kukan ya canja, ya koma na cin katako. Umma ta juya ta shige cikin gida da sauri, wai ta bar tukunya a wuta. Ba ta ɗora komai ba yau.

Minti arba'in. Ba wanda ya zauna sai shi. Da ya zo kan sunana, garin katako ya rufe shi, Baba ya sunkuyo zai hura, iskar ta fita ta gefe. Na hura tare da shi.

Baffa ya fita ya sallami mai kura. Ya dawo yana auna bango da taku, ya ce in an matsar da teburin taku biyu gadon zai shiga. Ya tambayi Baba ta wane gefe za a sa. Ni da Ya Kaka muka amsa tare.

Da kowa ya watse ana neman guduma, na durƙusa kusa da kujerar. Na ce, "Baba, ranar nan na ji ƙarar ta canja. Ban taso da wuri ba. Karatu nake yi."

Ya miƙo hannun ya kama nawa, ya buɗe tafin. Na tsaya ina jira in ga me zai zana, wannan karon in gane da wuri.

Bai zana komai ba. Ya rufe yatsuna ɗaya bayan ɗaya, ya riƙe.